Wancan Na Kebbe

Ku da kuka san Inna Kulu ta Tambuwal kun san ba ta da ƙarancin magana. Mai tallan manja ma sai ta tsare shi ta ji lafiyar kakarsa. Mutum ɗaya ne a duniya ba ta yi wa magana, ni ne kuwa, ɗan farinta. Kowa ya san kunyar ɗan fari, mata na yi shekara goma, ashirin, su gaji su sassauta. Inna ta riƙe tata kamar aikin gwamnati, ba hutu ba ritaya. Ga shi an sa mini sunan surukinta, Umaru, abin ya zama biyu. Sunana a bakinta "wancan". Da aka tura ni koyarwa Kebbe na samu ƙarin girma, na zama "wancan na Kebbe".

In na zo gida na durƙusa na ce, "Inna, ina wuni?" sai ta dubi akuyarta da ke ɗaure a gindin turke ta ce, "An wuni lafiya. Ya hanya?" Ni in amsa, akuya na tuƙa. Akuya uku aka yi a gidanmu, duk ta hannunsu na gaisa da mahaifiyata.

Da waya ta zo na ce to, Allah ya kawo mafita, tunda a waya ba ido. Na saya mata, ƙanwata Hajara ta sa mata lambata. Inna ba ta karatu, amma sai da ta tambaya, "Mi kika rubuta nan?"

"Sunan Yaya mana."

"Goge shi! Ba ni yawo da sunan ga ɗaure ga haɓar zanena."

Kullum Juma'a kuwa sai ta kira ni. In na ɗauka sai in ji numfashi, can sai ta ɗaga murya: "Hajara, ki ce ma wayag ga an ce ana sanyi Kebbe, a riƙa rufe ƙirji." Rannan na ce, "Inna, ba Hajara yau, ai na san tana gidan mijinta." Sai ta ce, "Wayag ga ta cika surutu." Ta kashe.

Wata damina taifot ya kayar da ni. Kun san hanyar Kebbe in ruwa ya sauka, ɗan kabu-kabu ma sai ya yi addu'a kafin ya tayar da mashin. Kwana biyu da jin labari sai ga Inna a ƙofar gidana, taɓo har gwiwa, da ƙullin gero a ka. Matata Rabi ta ce, "Inna! Jinya kika zo?"

"Jinyar wa? Kalwa nika nema. An ce ta Kebbe ta fi."

Kwana tara ta yi tana neman kalwa a bakin ƙofar ɗakina, ta ba ni baya, tana dama kunu. In ta gama sai ta ce, "Rabi, kunun ga ya yi min yawa. In da mai sha cikin gidan ga a ba shi, kar a yi ɓarna." In na bar saura sai ta leƙa kwanon ta ce wa bango, "Wasu dai ba su son tashi." Ranar da na miƙe da ƙafata ta hau mashin ta koma. Rabi ta ce, "Inna, kalwar fa?" Ta ce, "Ba ta yi min ba."

Muna dariya yanzu, amma wallahi abin ya ci ni. Ina da furfura, ina da 'ya'ya shida, in ga tana zagin Hajara ido da ido sai in ji kishi. Ko zagin ne ni ma ina so. Har malamin unguwarmu na ɗauko ya zo ya yi mata bayani cewa wannan al'ada ce, addini bai hana uwa kiran ɗanta ba. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo fura, ta saurara har ya gama. Ta ce, "Malam ya yi gaskiya, Allah shi ƙara sani. A ce ma wanda yak kawo shi shi maishe shi gida, rana ta yi."

Bara ciwonta ya yi tsanani, na ɗauki hutu na dawo Tambuwal. Wata rana bayan la'asar Hajara ta fita karɓo magani, Rabi tana wanki a waje, ɗakin ya rage daga ni sai ita. Ina yi mata fifita, ina zaton barci take. Sai na ji ta ce, "Kai. Ka ci abinci?"

Jama'a, waiwayawa na yi in ga wanda ya shigo. Ba kowa. Na juyo, idonta na cikin nawa.

"Kai nika nufi, sakarai."

Tun safe ban sa komai a bakina ba, amma na ce, "Na ci, Inna."

"Ƙarya kaka yi," ta ce, ta rufe ido.

Hirar da muka yi ke nan ni da mahaifiyata cikin shekara hamsin da ɗaya. Na samu tambaya, na samu zagi, ni kuma abin da na saka mata da shi ƙarya ce. Na fita bayan ɗaki na yi kuka har Rabi ta zaci an yi rasuwar. Bayan kwana biyu aka yi ta.

Allah ya jiƙan Inna Kulu, ya yalwata mata kabarinta, ya sa ta huta. Ni dai na yafe mata shirun nan duka. Allah ya sa ita ma ta yafe mini ƙaryar.