Majanyin Gogo Kubra

Duk wanda ya san layin masu gyaɗa a Kasuwar Libiya ta Umdurman, a ƙasar Sudan, a shekarun tamanin ya san Gogo Kubra, kuma da wuya ya ce ya taɓa ganin bayanta babu goyo. A gonakin Jazira aka haife ta. Can ta goyi ƙannenta tana tsinkar auduga, ta goyi 'ya'yanta bakwai, ta dawo Umdurman ta ɗora da jikoki. Maƙwabtanta Larabawa, da suka saba saɓa yaro a kafaɗa, har tsayawa suke su ga yadda take sunkuyawa sau ɗaya, ta ja zani, ta ƙulle majanyi, ta miƙe. Ita kuwa Gogo akwai son yabo.

Goyon da ya fi daɗewa shi ne na Lauratu, 'yar ɗanta Ilyasu. An kawo mata ita yaye, ba a yi wata uku ba zazzaɓi ya kama yarinyar, da ya sauka sai ƙafafu suka saki. Shan inna ne. Gogo ta yi kukanta na kwana biyu, ta share hawaye, ta ɗauko majanyi. Kasuwa da Lauratu a baya, gidan suna da Lauratu a baya, har yarinya ta shekara bakwai, ƙafafunta na reto a gwiwar kakarta.

Wata safiya Gogo ta sunkuya, baya ya ƙi miƙewa. Ciwon bai dame ta kamar tunanin da ya zo mata ba: ran da bayan nan ya gaza, Lauratu ta zauna ke nan. Tsoro ya kama ta sosai, shi ya sa ba ta yi gardama ba da Ilyasu ya ce su haye gada zuwa Hartum, asibitin da ake gashin ƙashi.

A can suka tarar da Ustaza Ni'mat, wata siririyar budurwa mai koya wa yara tafiya. Ta lanƙwasa gwiwoyin Lauratu, ta ja, suka ƙi miƙewa.

"Ya Hajja, wa ke ɗaukar ta?"

"Ni mana," in ji Gogo, tana jiran yabon da ta saba.

"To khalas, shi ke nan. Daga yau ki sauke ta. Gwiwoyin nan sun sandare a yadda kike goya ta."

Ran Gogo ya ɓaci. A mota, har suka sauka, faɗa take yi a kan budurwar nan da a cewarta ko 'yar tsana ba ta taɓa goyawa ba. Amma ranar Talata ta koma, ta kuma komawa ta gaba. Ta koyi miƙar da gwiwa a hankali safe da yamma, ta koyi ɗaura takalmin ƙarfe. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne ta ji Lauratu na kuka, "Gogo, goya ni," ita kuma ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinya ta kau da kai.

A asibiti da ɗamarar fata ake riƙe yara in suna gwada tsayuwa. Gogo ta dube ta sama da ƙasa ta ce ba da jikarta ba. Ta naɗa wa Lauratu majanyi a ƙugu, ta riƙe bakinsa ta baya. Ni'mat ta ja ƙullin da ƙarfi bai motsa ba, sai ta ce, "Kwayyis, ya yi kyau, ya Hajja. Zo ki nuna wa sauran iyayen." Daga ranar suka shirya.

Kullum da safe daga ƙofar ɗaki zuwa gindin randa, taku goma sha huɗu, Lauratu da sanduna biyu a gaba, Gogo da majanyi a baya. Sai da aka yi wata tara kafin Gogo ta ninke shi ta sa a ƙarƙashin matashi. A shekarar Lauratu ta shiga makaranta da ƙafarta.

Lauratu ta girma, ta koyi ɗinki, ta yi aure a unguwar Alsahafa, ta haihu. Gogo, da yanzu ita ma sanda take dogarawa, ta je ta tare a gidan. Ranar da aka gama arba'in mai jego ta ci ado za ta fita gaishe-gaishe. Ta sa sandunanta a hammata, ta dubi jaririn a kan gado, ta dubi hannuwanta duka biyu a riƙe da sanda, sai ta tsaya cak, idanunta suka ciko.

Gogo ta kwance ƙunshin kayanta ta zaro tsohon majanyin.

"Jingina da gadon nan, ki sunkuya."

Lauratu ta yi dariya cikin hawaye. "Gogo, ba Ustaza Ni'mat ta hana goyo ba?"

"Ni ta hana, ba ke ba."

Ta ɗora mata yaron, ta ja zani, ta ƙulle, ta gwada ƙullin sau biyu. Lauratu ta miƙe ta nufi ƙofa. Gogo ta bi ta a baya da 'yar sandarta, tana ta ba da umarnin da babu wanda ya tambaye ta.