Fuskar Iya Kande a Kakin Zuma

Tun ba a datse kogin Binuwai a Lagdo ba nake magana, zamanin da jiragen ruwa ke hawowa Garwa da damina suna lodin auduga. Shekarar da kwalekwale ya kife da shanun kawuna, ita ce shekarar da na fara famfara. Ban yi boko ba, amma a lissafin shekaru ba a kayar da ni.

Mu maƙeran fari ne, masu zubin tagulla. Kakata Iya Kande da ƙafa ta zo daga Kano, ba ta riƙo komai na gida ba sai mundaye biyu da ubanta ya zuba mata. Bayan magariba, in maza sun ajiye zugazugi, mukan kewaye garwashin maƙera. Tana tatsuniya tana murza kakin zuma, domin ita ke siffanta wa maza abin da za su zuba. Hannunta bai san hutu ba, mundayen na ta ƙara.

Akwai wata tatsuniya da ba ta gajiya da ita. Wai wani maƙeri ya bar garinsu, don kada ya manta uwarsa sai ya siffanta fuskarta da kaki. Duk bazara kakin ya yi laushi, shi kuma ya gyara da babban yatsa. Yau gyara, gobe gyara, har hancin ya koma na matarsa, bakin ya koma na maƙwabciya. Wata tsohuwa ta ce ya lulluɓe fuskar da yumɓu ya sa a wuta, kakin ya tsiyaye, ya zuba tagulla a gurbinsa. Ya ce ina, shi ba zai narka uwarsa ba.

Daga nan tatsuniyar ba ta da ƙarshe ɗaya a bakin Iya. Wani dare maƙerin ya zuba tagullar, wani dare rana ta narke kakin a kan katanga. Na taɓa yi mata gardama, na ce jiya ba haka ta faɗa ba.

“Ke 'yar nema,” in ji ta, “wanda ya hana wuta, rana zai bai wa. Zaɓi wadda ta yi miki.”

Ga shi yanzu tatsuniyar ta biyo ni har ɗaka. Jikana Sa'idu yana da atelye, wato shagon ƙira, a hanyar Ngong, yana haɗa tsoffin ƙarafa su zama tsuntsaye da mutane, har daga Yawunde ake zuwa saye. Ya nace sai ya zuba fuskar Iya, kuma da mundayenta, wai tagullar Kano ce ta dace da ita. Na ce liman zai ji, ya ce shi ba bauta mata zai yi ba. Hotonta babu, bakina ne hoton. Ya yi ta kawo kakin ina cewa rage nan, ƙara can.

Shekaranjiya ya ajiye shi a gabana. “Amaryata, in kika ƙara taɓa hancin nan, sai na sake ki. Wannan fa na Mamana ne.”

Na ɗaga hannu zan kai masa duka, sai na duba. Hancin 'yata ne sak. Tun ranar na kasa zama, in shiga ɗaki in fito, in kwance mundayen in sake ɗaurewa. In an narka su, ba abin da ya rage wanda ya taɓa jikinta. In na hana, fuskar tana zamewa daga kaina kullum.

Da hantsin yau na aika masa mundayen, duka biyun. Na ce ya lulluɓe kakin yadda yake, kada ya sake kawo mini.

Cikin waɗanda suka zauna a bakin garwashin nan, mu uku muka rage. Hajara tana Tibati, idonta ya tafi. Ɗanjuma yana nan Garwa, ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Sai ni. Ranar da Sa'idu ya fasa yumɓun, duk fuskar da ta fito zan ce Iya Kande ce, kuma ba mai ƙaryata ni. Wannan ne ma ya hana ni cin abinci.