Ranar da Kakata Ta Yi Tatsuniya da Rana

Ina yarinya wasu samari masu fim ɗin al'adu suka zo ƙauyenmu a Gwiwa, wai kakata ta yi mana tatsuniya su ɗauka. Kyamararsu sai da rana take gani, mu kuwa mun san duk wanda ya yi tatsuniya da rana ɓata yake yi a hanya.

Babbansu ya ce, "Haba Iya, camfi ne, kimiyya ta wuce nan."

Ta ce to, amma ɓatan a kansa zai sauka. Ta yi, suka tafi.

Da la'asar sai ga motarsu ta dawo, suna tambayar hanyar Kazaure. Tsohuwa ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar wake ba, ta ce, "Ɗan nan, tambayi kimiyya mana."