Zabbin Gwaggo a Cikin Obin

Shekarar da hanyar Kuyello ta yi sauƙi, Gwaggo ta zo mana Birnin Gwari. Ƙanwar mahaifina ce. Mun daɗe ba mu ga juna ba, sai dai saƙon gaisuwa a bakin 'yan kasuwa, don a waɗancan shekarun babu mai ratsa daji sai dole. Ta sauko daga bayan babur, jar ƙasa har a girarta, tana riƙe da zabbi da aka ɗaure wa ƙafa. Na rungume ta ina dariya ina hawaye, zabbin suna ta ihu a tsakaninmu.

Lokacin ina ji da sabon obin ɗina, tanderun lantarki mai ƙofar gilashi da yayana ya aiko mini daga Kaduna. Na ce yau Gwaggo za ta ci gashin zamani. Aka yanka, muka fige tare, na shafe su da citta da tafarnuwa da yaji, na jera a tire na tura ciki. Gwaggo ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gaban gilashin kamar mai kallon talabijin.

Nama ya fara ja, ƙamshi ya cika gida, sai aka ɗauke wuta. Kafin mu gama salati an dawo da ita. Obin ya yi ƙas, ya hau ƙara, harafin F da wata lamba suka fito a ɗan allonsa suna ƙiftawa. Na ja ƙofa, ta ƙi. Na sake ja da hannu biyu, ko motsi.

"Me ya ce?" in ji Gwaggo.

"Wai ya kulle kansa."

"Da zabbina a ciki? 'Yar nan, tun daga Kuyello na riƙo su, babu wanda ya ƙwace a hanya, sai akwati?"

A gidanmu sabis ba ya kamawa sosai sai a gindin mangwaron ƙofar gida. Can na tsaya na kira yayana, na karanta masa lambar. Ya sha dariya tukuna, sannan ya ce akwai wata 'yar ƙugiya a saman ƙofar, ita ke kullewa, kuma ɗaukewar wutar ce ta rikita ta, ta maƙale a rabin hanya.

"Kada ki ɓalle da ƙarfi, gilashin zai fashe. Kashe shi daga bango, ki bari ya huce sarai, sannan ki kunna."

"Yaya, naman fa?"

"Naman ba zai gudu ba."

Na kashe. Tunda babu abin yi, muka shimfiɗa tabarma a bakin kicin, na dama mana fura da nonon da aka kawo daga ruga da safe. Nan Gwaggo ta buɗe labari. Ta lissafa mini waɗanda suka haihu da waɗanda suka rasu. Da ta zo kan maƙwabcinsu da ya tafi gona bai dawo ba, muka yi masa addu'a. Sai ta ce bana sun koma gonar bakin rafi, masara ta yi har tana tsere wa mutum tsawo. Tana faɗa tana ɗaga hannu sama, fuskarta sai sheƙi.

Da obin ya huce na kunna. Ya yi shiru kamar ya haƙura, sai ga F ɗin nan ta dawo. Na koma gindin mangwaro.

"To, danna ƙofar ciki sosai," in ji yayana, "ki riƙe maɓallin sokewa kada ki saki. Ƙugiyar tana son sarari ne ta koma."

Na gwada, amma hannu ɗaya a maɓalli, ɗayan ba shi da ƙarfin dannawa. Gwaggo ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane.

"Matsa, ke riƙe abin naki."

Na danne maɓallin, ita kuma ta juya baya, ta jingina da ƙofar, ta kafe ƙafafu a ƙasa, ta ce Bismillahi. Muka ji wani siririn gurnani daga ciki, sannan ƙas. Lambar ta ɓace. Na ja ƙofa a hankali, ta buɗe salun-alun. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, wadda ta sa matan maƙwabta suka shigo da mayafi a hannu suna tambayar wa ya haihu.

Naman ya ɗan bushe, amma yaji ya ratsa shi har ƙashi. Muka zauna da duk wadda ta shigo, aka yayyaga aka ci da albasa. Kowace sabuwar baƙuwa sai Gwaggo ta ba ta labarin daga farko, kuma kafin la'asar an cire ni da yayana daga ciki, ita kaɗai ta yi kokawa da akwatin ta kayar da shi. Da nufin kwana ɗaya ta zo, amma sai da ta yi Juma'a da mu.