Autana da Jan-baki

Tun da aka sako ruwan madatsar Bakolori muka kama noman shinkafar rani a wajen Bakura, tsaron tsuntsu aikin yara ne. Idan shinkafa ta fidda kai ta ɗauki madara, sai a kafa 'yar rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, a ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Yaro ya hau ya zauna. Da jan-baki sun sauko, ya fizgi igiya ya yi ihu. Aikin ba ya son ƙarfi, ba ya son wayo, ido kawai yake so. Na yi wa mahaifina, manyan 'ya'yana sun yi mini har suka girma suka tafi neman nasu. Saura autana.

Shi kuwa auta, yayansa ne ya zo ganin gida daga Gusau ya bar masa tsohuwar waya mai wasan gem a ciki, wani na mota da ake tuƙawa da manyan yatsu. Da farko dariya muke yi. Daga baya uwarsa ta aike shi sayen gishiri, ya tsaya a zaure ya manta abin da ya fito yi. Malaminsu ya tare ni bayan sallar Juma'a, ya ce yaron yana da kai, amma ba ya kai ƙarshen layi sai hankalinsa ya tafi wani wuri. Na yi faɗa, na yi lallashi. Kowa na ce mini icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kamar ban taɓa jin karin maganar ba. Gaskiya na gaji.

Da lokacin tsaro ya zo, maƙwabcin gonata ya tsokane ni. "Ai kai ka huta, Malam. Yaron da ka wuni zaune wuri guda bai motsa ba, shi ad daidai da rumfa."

Ban yi dariya ba. Shinkafar nan ita ce abincinmu har damina. Na karɓe wayar, uwarsa ta kulle a akwati, na raka shi na ɗora shi kan rumfa, na sa masa igiya a hannu. A ganina ciwon yana cikin wayar ne, tunda ta bar hannunsa magana ta ƙare. Na wuce kasuwar Talata Mafara da kwanciyar hankali.

Bayan la'asar na biyo ta gona. Tun daga bakin kanal na san ba lafiya, domin gonar da ke da mai tsaro ba ta yin shiru. Ta kowane gefe gwangwanaye na kuka, tawa tsit. Jan-baki sun rufe ta, har karan shinkafar na sunkuyawa.

Na ɗauka barci ya yi, ko ya gudu wajen abokai. Da hakan ne ma da na fi jin sauƙi. Yana nan zaune, idonsa biyu, fuskarsa na kallon tsuntsayen. Igiya na kan cinyarsa. Hannuwansa a haɗe kamar ya riƙe wani abu, manyan yatsunsa na ta motsi, kuma babu komai a hannun.

"Kai! Ba ka ganinsu?"

Ya zabura. "Na gane su, Baba. Na ja da sahe, na ja, na ja. Daga nan ban san mi yaf faru ba."

Ya fashe da kuka. Na murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, ƙaiƙayi ne zalla. Na ce ya sauko mu tafi gida.

Washegari ni na hau rumfar, da furfurata da ciwon gwiwata, don in tsare abin da ya rage. Na taho da shi, na zaunar da shi kusa da ni. Ido ɗaya a kan shinkafa, ɗaya a kan yatsunsa.