Shekarar da Toshidon Ya Kira Fumino

Fumino ba 'yar tsibirinmu ba ce. Jirgin safe ne ya kawo ta shekara goma sha biyu da suka wuce, da akwati ɗaya da lema, ta auri Shozo ɗan ƙanena, mai kamun kifi. Tun daga nan muke zama gefe da gefe a rumfar gyaran kifi, muna tsaga 'yan ƙananan kifayen nan masu ƙyalli da babban yatsa. Hannunta akwai sauri, amma hankalinta ba ya zama wuri ɗaya. Yatsu suna ta aiki, ido kuwa yana can nesa inda gajimare ke kwantawa a kan ruwa. In na zungure ta sai ta yi murmushi, ta ce wai tana saurarona. Ban taɓa yarda ba.

'Yarta ɗaya ce, Chinami, ɗaya daga cikin yara huɗun da suka rage mana a ƙauyen. Yarinya ce mai surutun tsiya. Kullum da yamma uwa da 'ya sukan shiga bahon ruwan zafi tare, ruwa har wuya, a nan take zazzage wa uwar duk abin da ke cikinta: wanda ya ture ta a makaranta, sunan da ta raɗa wa wata kaguwa, mafarkin da ta yi jiya. Tagar ɗakin wankansu tana kallon lambuna. Nakan ji muryar tana fitowa tare da tururi, ba na jin kalmomin, ina cire ciyawa ina jin daɗi. Fumino ta taɓa ce min wannan rabin awar ce kaɗai a yini da take mantawa ita baƙuwa ce.

Toshidon kuwa, dodon sabuwar shekara a wurinmu, a sama yake zaune, yana leƙen yara shekara guda cur. Ranar ƙarshe ta shekara, da faɗuwar rana, sai ya hau dokinsa marar kai ya sauka a dutsen bayan gari, ya bi gidajen da ke da yara. Hanci kamu guda, baki har kunne, jiki duk bambaro da ganye. Zai kira yaro da sunansa, ya lissafa masa laifuffukansa, ya sa shi waƙa, ya yaba masa, sannan ya ɗora masa curin shekara a gadon baya, ƙaton curi na dakakkiyar shinkafa, yaron ya rarrafa da shi ya kai gaban iyayensa. Wanda bai karɓa ba, an ce shekarunsa ba za su ƙaru ba. Ni da na haura saba'in, kuma ni ke daka curin da hannuna, har yau in na jiyo ƙararrawar da ke tafe da shi daga nesa sai tsikar jikina ta tashi. Ina 'yar shekara biyar na ga dokin yana saukowa a hankali cikin gajimare, ƙafafunsa ba sa taka komai, kuma babu mai ce min ban gani ba.

Abin da yara ba su sani ba shi ne tsoho Tokuji, mai gyaran injin kwalekwale, shi ne Toshidon ɗin, ya shekara arba'in yana sa fuskar dodon. Saura mako guda sai ya zagaya gidaje, iyaye mata su ba shi labari. Mu da aka haifa a nan mun san irin abin da ake ba shi: ba ya goge haƙora, tana barin karas a kwano, ya ja wutsiyar kyanwa. Abin da yaro ya raɗa miki a kunne ba a fita da shi. Babu wadda ta gaya wa Fumino haka, don ba mu taɓa ɗauka abu ne da sai an faɗa ba. Wannan laifin har da ni a ciki.

A shekarar da Chinami ta cika bakwai, takalmin ruwan Shozo ya tsiri ɓata. Duk safiyar da ake iska sai a nemi ƙafa ɗaya a rasa, sai rana ta ɗaga a tsince ta a bayan buhun shinkafa. Karen maƙwabta ya sha zagi a banza. A cikin baho yarinyar ta faɗa wa uwarta gaskiya. Ta yi mafarki kwalekwalen babanta yana tafiya a ƙarƙashin teku da fitilarsa a kunne, yana zaune yana ɗinkin raga, kifaye suna wucewa ta gabansa, tana ta kiransa ba ya ji. Shi ya sa take ɓoye takalmin, ko iskar za ta kwanta kafin ya fita.

Abin ya taɓa zuciyar Fumino ƙwarai. A ganinta babu abin yabo da ya kai wannan, sai ta rubuta shi tsaf a takarda ta ba Tokuji.

Shi kuwa Tokuji, in ya sa fuskar nan ba ya sanin bambancin yabo da tsawa. Ya buga ƙafa ya ce, "Ke ce mai ɓoye takalmin uba don kin yi mafarki teku ta haɗiye shi?" Shozo ya yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi, kuma har gobe ina jin kunyar dariyar. Chinami ta rarrafa da curinta ta sauke a gaban ubanta, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dubi inda uwarta take ba.

Bayan sabuwar shekara tambayoyin Chinami suka fara.

"Baba, doki marar kai ta ina yake ganin hanya?"

"Da kofato yake gani. Kowane kofato da idonsa."

"To me ya sa Toshidon yake tari irin na Kaka Tokuji?"

"Sanyin sama ne, 'yar baba. Can kowa tari yake."

Shozo daɗin abin yake ji, kullum da sabuwar ƙaryar da zai shirga. Uwar kuwa tambaya ɗaya tak aka yi mata, wata rana suna shanya kifi a bakin ruwa, ina tsaye.

"Mama, daga sama ana ganin mafarki?"

Fumino ta juya kifi biyu kafin ta ce, "Ai Toshidon komai yana gani."

"To," in ji yarinyar.

Daga ranar, ƙarar ruwa kawai nake ji ta tagar nan. Ba gaba Chinami take yi ba. Tana gaida uwarta, tana cin abincinta, tana zuwa aike. Amma in an tambaye ta yaya makaranta sai ta ce lafiya lau. Wani lokaci nakan gan ta zaune a kan katangar bakin teku tana kallon dutsen, bakinta yana motsi, kamar wadda ke ba iska labarin da ta saba ba mutum. Bazara ta zo ta wuce a haka. Fumino ta rame, har wuyan rigarta ya yi mata yawa.

Na ji su suna musu wata rana a ƙofar gida. Shozo ya ce, "Shekara ɗaya ta rage mata fa Toshidon ya daina zuwa mata. Ki bar ta ta ƙarasa da abinta. Ni sai da na kai tara ina leƙa ƙarƙashin dutsen ina neman kashin dokin."

"Ba Toshidon take zargi ba, Baban Chinami. Ni take zargi."

"Yarinta ce, za ta wuce."

"Wata goma ke nan ba ta wuce ba."

Da ƙarshen shekara ya matso, Tokuji ya zo kamar kullum, ya zauna a bakin ƙofa aka kawo masa shayi. Ya ce, "To, me muke da shi bana?" Fumino ta ce, "Ban sani ba, Kawu. Ban san komai nata ba bana." Shozo ne ya yi sauri ya kawo zancen karas.

Washegari ta bi tsohon har wurin aikinsa da takarda a ninke. Shi ya ba ni labari da kansa, yana ta mita. Ya ce sau biyu ya karanta, ya ce mata, "Shekara arba'in ban taɓa yi wa matar aure tsawa ba. Ko tawa ban iya ba." Ta tsaya masa a kai har ya yarda. Ni kuma ta ce in daka curi biyu, na tambayi dalili ta ce zan gani.

Ranar ta zo babu iska ko kaɗan. Teku ta kwanta lumui, sama ta yi ja ta koma ruwan toka, sannan ƙararrawa ta fara gangarowa daga dutse. Aka ja ƙofa, sanyi ya shigo, ga hancin nan ya riga mai shi shigowa. Chinami ta durƙusa a tsakiyar tabarma, hannu a kan gwiwa. Aka yi zancen karas, ta yi waƙarta, aka yaba mata, ta kai curinta. Duk wannan tana kallon ƙafafun Toshidon.

Maimakon ya juya, sai ya gyara tsayuwa.

"Akwai wata Fumino a gidan nan?"

Ta taso ta durƙusa daidai inda 'yarta ta tashi.

"An ba ki amana cikin raɗa, kika rubuta a takarda kika kawo min. Haka aka yi?"

"Haka aka yi."

"Ba daga sama na gani ba. Ba a ganin mafarki daga can."

"Ni na faɗa."

"Za ki ƙara?"

"Ba zan ƙara ba."

Na dubi Shozo. Ya sunkuyar da kai, don ya san asiri ya tonu a gaban 'yarsa, dokin ya tafi ke nan daga gidansa, kuma na tausaya masa. Babu wanda ya yi dariya. Tokuji ya ɗauko curi na biyu, ya ɗora mata a baya.

Fumino ba ta taɓa rarrafe da curi ba, ba a yi mata tana ƙarama ba. Ta ɗaga kai sama, bayan ya karkace, curin ya fara zamewa. Ga shi ba ta san ma inda za ta kai shi ba, iyayenta suna can ƙetaren ruwa. Tana nan tsaye a kan gwiwa da tafin hannu, sai Chinami ta tashi, ta zo ta dafa curin.

"Mama, sauke kanki. Hannu ɗaya, sannan gwiwa ɗaya."

Suka yi taku uku tare. Sai yarinyar ta durƙusa, ta kai baki kunnen uwarta, ta kare da hannu. Ta daɗe tana magana. Fumino ba ta motsa ba, hawaye na ɗiga a kan tabarma, tana gyaɗa kai a hankali don kada curin ya faɗi. Toshidon ya ja ƙofa ya fita babu wanda ya lura.

Kwana huɗu bayan haka muka koma rumfar kifi. Ni mace ce mai son jin ƙwaƙwaf, ban taɓa ɓoyewa ba. Na jira har sauran mata suka fita shan shayi, na matsa kusa.

"Wai me ta ce miki ne?"

Ta ci gaba da tsaga kifi.

"Ke, ni fa na daka curin. Kuma kin san ba na kai magana ko'ina."

Ta ɗago ta dube ni sosai.

"Nata ne, Goggo," in ji ta.