Kujeru Masu Kallon Lungu

Shekarun da na yi ina tura amalanke a Balad, tsohon garin Jidda, ba ni da iƙama, wato takardar zama. Umra na zo, na gama, na ga garin ya karɓe ni, sai ranar komawa ta shige mini. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan babu takarda ya san yadda idanu suke ƙaruwa: biyu a fuska, biyu a ƙeya, ɗaya a tafin ƙafa. Ni nawa sun kai ina hango motar jawazat, masu kamen marasa takarda, tun tana gareji ba a tayar da ita ba. In suka damƙe ka sai tarhil, inda ake tara mutane, daga can sai jirgi. Ga ni da mata da yara a ɗakin haya a Hindawiyya, ba mai kawo musu shinkafa sai wannan amalanken.

Aikina ɗauko buhunan kayan yaji daga sito zuwa shagon wani ɗan Yaman. Akwai lungu guda da nake bi, matsattse, tsakanin tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako da suka sunkuyo kamar za su gaisa. Mota ba ta shiga. Don haka nake son sa fiye da wasu danginmu.

A tsakiyar lungun akwai wani kango da kyanwoyi ke mulki. Wata rana sai ga magina, sai fenti, sai ƙamshin man shanu da albasa. Aka ce wani ɗan gari da ya yi karatu a Faransa ne ya buɗe gidan abinci irin na can, wai ba na manya ba, na kowa da kowa. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsayar mini da numfashi kujerun ne.

Ko'ina ka je cin abinci a Jidda, mutane juna suke fuskanta, tire a tsakiya, kowa idonsa a kan naman ɗan'uwansa. Nan kuwa an jera kujeru a jikin bango kamar sahun salla, dukkansu suna kallon lungu. Ba wanda ke kallon wani. Mutum zai zo da farar jallabiya da baƙin tabarau, a ajiye masa gahawa a wani ɗan kofi wanda ko kanari ya sha sai ya nemi ƙari, ya buɗe jarida, ba ya karantawa, ba ya sha, sai bin masu wucewa da ido.

Da la'asar na kai maganar wurin mai shayinmu a Hindawiyya. A can na tarar da abokina, wani Badamagare da ya taɓa tuƙa iyalan wani attajiri a Abhur, mai iƙamarsa a aljihu, da wani tela haifaffen Jidda wanda Hausarsa ke tafiya da sandar Larabci.

Na ce, "Jama'a, an kafa mana tarko a Balad. Jawazat sun gaji da gudu, sun sayi kujeru."

Badamagare ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Kai Bakano, ƙauyanci zai kashe ka. Haka Faransawa ke zama. A Yamai ma na gani. Titi suke kallo."

"Me titi ya yi musu?"

"Ba abin da ya yi. Nishaɗi ne."

"Nishaɗi? Alhaji, mutum da hankalinsa ya biya kuɗi don ya kalli buhun citta yana wucewa?"

Tela ya gyara zama ya ce, "Wallahi ya akhi, kalam ɗinsa akwai gaskiya. Ni na wuce, wahid daga cikinsu ya kalle ni tun daga sama har ƙasa. Kuma burodinsu, shuf, dogo kamar kulki. Don me burodi zai yi kama da kulki?"

Daga nan magana ta bar hannuna. Kafin magariba an tabbatar cewa akwai kyamara a cikin tukunyar fure, kuma ƙofar kicin tana ɓullewa kai tsaye filin jirgi. Rabin wannan ni na ƙirƙira, amma da na ji shi a bakin wasu sai na yarda.

Na daina bin lungun. Na koma zagayawa ta babban titi, inda rana ke soya ƙeya, inda kuma motar jawazat ta gaske take iya tsayawa. Na san da haka. Amma ita motar na san kamanninta, su kuwa masu tabarau ban san abin da ke bayan gilashin ba. Ɗan Yaman ya fara ƙorafi, wai kafin in kawo barkono ya huce.

Sai labari ya zo cewa Badamagare ya samu aiki a wurin, yana kai wa mutane abinci, saboda Faransancinsa. Shi ke nan. A wurin mai shayi, da ya shigo sai hira ta koma kan farashin tumatir. Ya zo mana da wani burodi mai lanƙwasa a takarda, ba wanda ya taɓa. Ni na ɓalli gefe na jefa wa kyanwa, muka zuba mata ido. Ta cinye, ta lashe baki, ta tafi. Tela ya ce, "Shuf, duba inda ta nufa. Rahoto za ta kai."

Badamagare ya dube ni ya ce, "Kai ma, Bakano?"

Na ce, "Alhaji, ni ban ce komai ba. Amma in an tambaye ka, ka ce ba ka san ni ba."

Ranar da abin ya faru, bikin suna na je a bayan Balad, na caɓa ado da farar jallabiya mai guga, har da turare. Bayan la'asar ina dawowa ta babban titi sai na ga masu talla suna tattara kaya a guje. Wata Batakariya mai gyaɗa ta wuce ni tana cewa, "Sun zo! Sun zo!" An tare gaba, an tare baya. Ƙafata ba ta yi shawara da ni ba, sai ganina na yi a lungun da na rantse ba zan ƙara bi ba. Can ƙarshensa kuma ga biyu cikin kaki, suna tahowa a ƙafa, suna tsayar da duk mai sauri.

Sai na ji an cafki hannuna. Na ce inna lillahi, ashe yau ce. Na juya, Badamagare ne da farin ƙyalle ɗaure a ƙugu.

"Zauna," ya ce.

"A nan? A bakin tarkon?"

"Zauna, don ubanka! Ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kada ka kalli ƙasa. Lungu za ka kalla."

Ya tura ni kan kujera tsakanin masu tabarau biyu, ya dire mini kofin nan, ya cusa mini jarida. Na kurɓa. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa shan ɗaci irin wannan ba, maɗaci a gabansa zuma ne. Amma na haɗiye, na ɗaga haɓa, na zuba wa lungu ido kamar kakana ne ya gina shi.

Masu kakin suka iso. Suka tsayar da wani mai ɗauke da katan, suka duba takardarsa, suka sallame shi. Ɗaya ya juyo, idonsa ya bi sahun kujerun har ya sauka a kaina. Na kalle shi, ya kalle ni. Sai ya ce, "Assalamu alaikum." Sahun ya amsa, ni ma na amsa da wata murya da ban san ina da ita ba. Suka wuce.

Na kusa da ni ya cire tabarau ya goge ido, ashe tsoho ne, ya nuna wata tagar katako a gidan da ke fuskantarmu ya ce da Larabci a can aka haife shi. Na gyaɗa kai. A raina na ce, haka za ka ce mana.

Na kwana a Hindawiyya cikin 'ya'yana. Washegari na mayar da amalanke lungun, barkonon ɗan Yaman ya koma isa da zafinsa. Da yamma na tare Badamagare a wurin mai shayi, na saya masa shayi mai madara, na jira ya kai baki.

"Alhaji, na gode. Amma tsakaninka da Allah, ya aka yi ka san suna zuwa?"

Ya ajiye kofi. "Bakano, kujerun nan lungu suke kallo. Tun daga nesa muka gan su. Kai ma mun gan ka, kana gudu kamar an kunna maka wuta a jallabiya."

"Mun?" na ce. "Ku da wa?"

Ya tashi ya bar mini shayin. Na shanye, don ba a zubar da madara. Na ci gaba da bin lungun har na bar tura amalanke, kullum ina yi wa sahun sallama da ƙarfi, suna amsawa. Tukunyar furen ce dai ban taɓa yarda na wuce ta gabanta da fuska a buɗe ba.